Tsohuwa Mai Kife Ƙorai

Kakata ta wajen uwa ba ta yin tatsuniya. Ko an roƙe ta sai ta ce wannan aikin marasa abin yi ne. Amma in anka kwaso tafarnuwa daga fadama anka zube ta a rumfar gidanmu na Wurno, mu jikoki muna kewaye da ita muna karkaɗe ƙasa muna ɗaurewa, sai ta ɗauko labarin kakarta. Bayan azahar take bayar da shi, lokacin da zafi ya kwantar da kaji, warin tafarnuwa ya cika kai har mutum ya ji kamar barci zai ɗauke shi a zaune. Ba ta buɗe shi da abin da ake buɗe tatsuniya, ba ta rufe shi da abin da ake rufewa. Ni kuwa tun ina ƙarama na san ba a tatsuniya da rana. Don haka na ɗauka abin da take faɗi gaskiya ne.

Tsohuwar, in ji Kaka, mayya ce. Gidanta na bakin gulbi can wajen Goronyo, soro ne na jar ƙasa mai ɗakuna cikin ɗakuna. Wani ɗakin babu ƙofa sai taga, wani kuma in ka shiga da hantsi sai ka fito da la'asar alhali ko zama ba ka yi ba. A ƙuryar gidan akwai ƙorai a kife, jere da bango, ƙarƙashin kowace akwai kurwar yaro tana motsi kamar ɗan tsako. Ba ta taɓa 'ya'yan maƙwabta ba, ba ta taɓa waɗanda ta haifa ba. Jikokinta kaɗai take so. Takan kira jika da murya mai daɗi, ta ɗora shi kan cinya, ta yi masa kallo ɗaya mai tsawo. Yaro ya sauka ya koma wasa kamar kowa, amma inuwarsa ta yi haske, bayan 'yan kwanaki ya kwanta. In Kaka ta kawo nan sai ta ajiye tafarnuwar hannunta, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wa ya fi maiƙo a cikinmu. 'Yan'uwana su watse suna dariya, wani ya dawo ya ja mata zane ya ce wadda ba ta da haƙoran cin gyaɗa ba ta iya cin mutum. Ni ban taɓa yin dariya ba. Nakan zauna inda nake ina duba inuwata ta gefen ido.

Kowace shekara gidan yakan ƙaru. Wata shekara tsamiya ta tsiro a tsakiyar ɗaki ta huda rufi, kuma ganyenta ba ya motsi ko ana iska. Wata shekara munka ji labarin ɗiyar tsohuwar da ta gudu Rabah cikin kwale-kwale da jariri a baya, ta isa gaɓa ta kwance goyo ta tarar ba shi da nauyi. Akwai ɗanta namiji da ya shiga da tabarya zai fasa ƙoran, ya fito ya manta abin da ya kai shi, ya rayu har tsufa yana tambayar mutane. Da anka tare ruwa a Goronyo, Kaka ta ce ruwan ya rufe gidan, amma ƙoran ba su taso ba. Suna nan a kife a ƙasa, kifi na ratsa tsakaninsu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kowa a garinmu ya san maita nono take bi. In daga uba ne da sauƙi, amma in daga uwa ne ba makawa. Na zauna na bi layin da kaina: tsohuwa ta shayar da ɗiyarta, ɗiyar ta shayar da Kaka, Kaka ta shayar da mahaifiyata, mahaifiyata ta shayar da ni. Babu inda zaren ya katse. Ban tambayi kowa ba, don wannan ba kalmar da mutum zai furta a kan gidansu ba ce. In ta fita daga bakinka ta shiga kunnen bango, ba ɗiyarku da za ta sake auruwa.

Haka na girma, na yi firamare, na yi aure, na haihu. Mun yi karatu wurin matar malam, ta koya mana cewa rai da mutuwa na hannun Allah Shi kaɗai, na kuma yarda da haka har zuciyata. Amma yarda daban, fargaba daban. In na je barka nakan tsaya daga bakin ƙofa in yi addu'a ina kallon tabarma. In anka miƙo mini jariri sai in ce hannuna da warin albasa. 'Ya'yana kam na rungume su, tunda tsohuwar ba ta taɓa abin da ta haifa ba. Nakan ce wa kaina jika ai da nisa.

Sai ga shi ya matso. Babbar ɗiyata da ke aure a Rabah ta samu ciki na fari, mijinta ya kawo ta gida kamar yadda ake yi, don ta haihu a ɗakina in yi mata wankan jego in wanke abin da ta haifa. Na tara icce, na sa anka ɗebo ganyen darbejiya, na wanke babbar tukunya. Duk abin da uwa ke yi na yi, amma da na tuna za a aza mini jikana a cinya sai in tashi in nemi wani aiki a waje. Da rana ina tsintar shinkafa sai in ga ruwa kore a gabana, da soro a ƙasansa, da ƙwarya ɗaya sabuwa da ba a kife ba tukuna. Ɗiyata ta lura ba na zama kusa da ita, ta tambaya ko ta yi mini wani laifi. Na ce a'a.

Kaka ta daɗe da rasuwa, mahaifiyata ma haka. Wadda ta rage ita ce ƙanwar mahaifiyata da ke Boyekai, wadda muke kira Inna. Na ce wa maigida zan je in sanar da ita haihuwa ta kusa. Na shiga mota zuwa Goronyo, daga nan na hau babur ɗin kabu-kabu. Inda hanya ta bi kusa da ruwa na kau da kai, sai kuma na waiwaya. Ruwan a kwance yake, fari fat da rana, wasu Fulani na shayar da shanu a gefe. Ban ga kan soro ba, amma kuma ban duba ko'ina ba.

Na tarar da Inna tana jiƙa wa tumaki dusa. Mun gaisa, mun yi ta'aziyyar waɗanda sunka rasu, na sha fura, na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji ta ce in faɗi abin da ya kawo ni, don ba ta taɓa ganin na bar gida haka nan ba. Na matsa kusa da kunnenta na tambaye ta labarin tsohuwar bakin gulbi.

Da farko ba ta gane ba. Da na ambaci ƙorai sai ta ajiye kwano ta zauna a kan turmi, kafaɗunta na rawa. Ta yi dariya har da tari.

Ta ce, “Ke ɗiyar ga, mi kike son ki ce mini? Da furfura a kanki kina ɗauke da wasan jika da kaka?”

Na ce da rana Kaka ke faɗi, kuma ba a tatsuniya da rana. Inna ta ce to wa ya ce tatsuniya ce, tsokana ce. Ita da ta fito cikin Kaka ba ta taɓa jin labarin ba sai da anka haifi jikoki, don uwa ba ta irin wannan wasa da ɗanta. Tana nan a rumfa ranar da anka fara shi. Wani yayana ne ya ce wa Kaka tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ƙi mutuwa ta bar musu fili, ita kuwa ta ɗaga kai ta ga ƙoran da ta wanke ta kife suna shan iska, nan take ta ƙirƙiro tsohuwar. Soron kuwa wani tsohon rumbu ne da ya rushe a bayan gida. Sauran yara duk sun san wasa ne, shi ya sa suke ramawa.

Na tambaya to ita ainihin kakar Kaka wace ce. Inna ta ce Kaka ba ta san ta ba. Tun Kaka tana goye iyayenta sunka rasu, dangin uba sunka riƙe ta, ba ta taɓa samun kaka da za ta ja mata kunne ko ta kira ta kishiyar wasa ba. Ta ce wataƙila shi ya sa ta ƙera wa kanta guda, ta kuma gina mata gida mai kyau.

Na ji tausayin Kaka, amma nan da nan wata damuwa ta taso. Na ce in har ba ta san ta ba, ke nan ba wanda zai iya rantsewa cewa ba mayyar ba ce.

Inna ta ɗauki muciya ta nuna ni da ita. “Na goya jikokina har na goya 'ya'yansu, ga su nan sun cinye mini gero. Nonon da uwarki ta sha shi na sha. Tashi ki ɗaure mini kayana, tare za mu tahi, kada ki kashe yarinya da tsoro.”

Inna ba ta daɗe a wurinmu ba ɗiyata ta haihu a asibitin gari da safe, munka dawo gida da yamma da jaririya mace. Mata sunka cika ɗaki, kowa na karɓa yana miƙa wa na kusa, ni ina waje ina hura wutar da ba ta buƙatar huri. Da ruwa ya yi, Inna ta sirka, ta taɓa da gwiwar hannu, ta kira ni. Ta ce hannunta na rawa, ba ta iya riƙe jariri da sabulu, kuma ba za a ba baƙuwa wankan fari ba alhali uwar mai jego na raye. Kafin in buɗe baki ta aza mini ita a ƙafafu.

Na yi bisimilla na rufe ido. Na ji ɗuminta, na ji tana motsi, na lalubo kai na tallafe. Na ɗebo ruwa da hannu ɗaya na zuba, na shafa sabulu, sai ta zame mini kaɗan ta tsala kuka. Inna ta buge mini kafaɗa ta ce in zan yi wanka da ido rufe gara a kira makaho, shi ya saba.

Na buɗe. Ban ga komi ba sai jaririya ja mai gashi kwance, ta dunƙule hannu, tana kuka da dukan ƙarfinta. A bayan kunnenta na hagu akwai sauran maiƙon haihuwa da ba a goge ba. Na kafa masa ido na wanke shi a hankali, na juya ta na duba ɗayan, na bi wuyanta da hammatarta da tsakanin yatsun ƙafa. Ruwa ya fara hucewa ban gama ba. Daga kan gado ɗiyata ta ce in miƙo mata ita haka nan ta ba ta nono, na ce ta dakata, akwai inda ban duba ba.