Yatsu Biyun Da Shawarata Ta Ci

A shekaruna na farko a garin Greensboro na Amurka direban babbar mota ne ni, ina ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Wilmington. Takarduna na zama ba su daɗe da fitowa ba, don haka lallaɓa rayuwa nake yi. Ko taka ni aka yi, ni ke ba da haƙuri.

Wata Litinin ina jiran lodi a gindin wani jirgi, sai na ji ana salati da muryar gida a saman tsani. Bahaushe ne ɗan zangon Takoradi ta ƙasar Gana, ma'aikacin ɗakin inji, hannunsa na dama naɗe da tsumma. Ya ce ƙarfe ne ya datse shi a teku, kyaftin ya hana a kai shi asibiti, wai ba shi da bizar sauka, kuma mai kai ƙara ba ya sake hawa jirgi. Ya tambaye ni mafita. Wallahi har yau ina jin kunyar amsata. Na ce ya yi haƙuri ya rufa wa kansa asiri, na miƙa masa man zafi da kilishi, na ja motata.

Da na ba maiɗakina labari, sai ta ajiye ludayi ta tambaye ni, in hannun da nake riƙe sitiyari da shi ne, man zafi zan shafa?

Ranar Alhamis na koma, jirgin na shirin tashi da yamma, hannun har ya fara wari. Na bar motata na nufi ofishin masu kula da walwalar ma'aikatan jirgi. Wata dattijuwa a ofishin ta ce da biza ko babu, ganin likita haƙƙinsa ne, ta kira motar asibiti, muka koma gindin jirgin tare. Kyaftin ya sauko yana kumfar baki, ya rantse sai ya sa an hana ni shiga tashar. Amma ban gusa ba sai da motar asibiti ta ɗauke shi. Kamfaninmu ya sallame ni saboda na bar lodi, kuma ban taɓa nadamar wannan ba.

An ceto hannun, amma an yanke yatsu biyu. Likita ya ce da tun Litinin aka kawo shi, da ba a yanke ko ɗaya ba. A gidana na High Point Road ya yi jinya kafin ya koma gida.

'Yan'uwa, in mai ciwo ya nemi mafita, kada ku ba shi haƙuri alhali yana da haƙƙi. Ina alfahari da yatsu ukun da ya ci tuwo da su a gidana. Biyun kuwa, ni na san wanda ya jawo.