Giris Ɗin Da Na Lafta Wa Kulocin Kitika

Edita, ina gaisuwa. A zamanin Turawa, saura 'yan shekaru su tafi, ni saurayi ne mai ji da kansa a Birnin Gwari. Na yi shekara huɗu ina koyon kanikanci a wani gareji a Kaduna, na dawo gida da akwatin sifanoni da takardar shaida wadda ko karanta ta ban iya ba a lokacin, amma na rataye ta inda kowa zai gani. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, yayana ne ya riƙe ni, shi ya kai ni Kaduna da kansa. Manomi ne, bai san giyar mota ba bai san birki ba, amma duk inda ya zauna sai ya kawo zancen ƙanensa makaniki har mutane su ƙosa.

A wata damina, mota ɗaya ce tak ta rage mai tashi a garin, wata 'yar ƙaramar motar kaya irin wadda muke kira kitika, ta wani attajiri mai fataucin gyaɗa. Direbanta dattijo ne, tsohon soja, marar yawan magana. Kulocinta ya cinye, aka aika Kaduna sayen sabon faifan kuloci, sai bayan mako uku ya iso. Na yi aikin a gindin tsamiyar ƙofar gidan attajirin, jama'a sun kewaye ni kamar ana wasan kura. Na sauke giyabos, na cire tsohon faifan, na wanke wurin da fetur. A Kaduna an koya mini cewa sandar da faifan ke zama a kanta ɗan giris kaɗan take so, gwargwadon abin da kan yatsa zai ɗauko, domin in ya yi yawa zai fantsama a kan faifan ya hana shi kamu. To amma a garinmu, makanikin da ya shafa giris kaɗan ana ɗaukar sa marowaci ne, ko mai shirin kwashe sauran gwangwanin ya kai gida. Da attajirin ya ga ɗan abin da na shafa, sai ya yi dariya ya ce ko a Kaduna rowa aka koya mini, ai cikakken gwangwani ya sayo. Jama'a suka kwashe da dariya. Kunya ta kama ni, na zura yatsu uku na kwaso, na lafta wa sandar har tana ɗiga, ina sane sarai da abin da nake yi.

Motar ta tashi, giya ta shiga, aka yi ta sa mini albarka. Kwana biyu bayan haka direban ya same ni ni kaɗai, cikin mutunci. Ya ce in ya hau tudu injin yana ihu amma motar ba ta ja, kuma yana jin ƙauri. Ya roƙe ni in sake sauke giyabos mu duba. Na san ciwon, na kuma san maganinsa: yini ɗaya ne, a cire faifan a wanke shi tun bai ƙone ba. Amma sai na tuna gindin tsamiyar nan, da yadda za a ce ɗan Kaduna ya kwance aikinsa da hannunsa. Na ce masa sabon faifai haka yake sai ya zauna, kuma wataƙila shi ne ke ɗora ƙafa a kan kuloci irin na tsofaffin direbobi. Na ɗan taɓa wani noti don ya ga na yi wani abu. Ya dube ni, ya tafi.

Ranar Laraba da hantsi aka ɗauko yayana daga gona, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Aka yi na gargajiya har washegari, jini ya fara fita ta dasashinsa. Malamin ɗakin shan magani ya ce allurar sai Kaduna, kuma a yi sauri. Attajirin ya ba da motar ba musu. Muka shimfiɗa yayana a baya, ni da matarsa muna riƙe da shi, muka shiga daji. Hanyar duk taɓo ce, kowane tudu sai na ji injin ya ɗaga murya, ƙaurin yana ƙaruwa. Wajen azahar muka haye wani rafi, muka fuskanci hawa mai tsawo. A tsakiyarsa hayaƙi ya taso daga ƙarƙashi, injin yana ta ruri, motar ta tsaya cik.

Na shiga ƙarƙashi na buɗe murfin kulocin. Baƙin giris ya fantsame ko'ina, faifan ya ƙone ƙurmus. Direban ya durƙuso ya leƙa, ya gani, ya miƙe. Na wanke da fetur, na watsa toka daga wata tsohuwar makwantar Fulani, muka tura, duk a banza. Babu gari kusa, babu motar da za ta biyo. Matar yayana ta fara kuka, sai na ji muryarsa daga sama, a hankali, yana lallashinta.

"Daina kuka. Ai ƙanena ne ya gyara ta, yanzu za ta tashi."

Ina kwance a cikin taɓo na ji wannan magana. Bai kai la'asar ba. Wasu makiyaya ne suka taimaka mana muka yi masa sutura a ƙauyensu.

Na sani kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Wataƙila ko mun isa Kaduna ba zai tashi ba. Amma wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba, domin ba rashin sani ne ya kai ni ba. Sau biyu aka ba ni dama, sau biyu na zaɓi kada a yi mini dariya. Direban har ya koma ga Allah bai tona ni ba, ya bar mutane suna cewa hanya ce ta kashe motar, kuma shirun nasa ya fi mini zagi ciwo.

Ina kira ga duk mai sana'ar da rayukan mutane ke hawa kanta. Kada 'yan kallo su koya maka aikinka, kuma in ka san ka yi kuskure, ka kwance ka sake tun ana dariya, domin ba ka san wanda za a ɗauko a motar gobe ba. Ni na riƙe 'ya'yan yayana huɗu, na aurar da su, yau jikokinsu ma Baba suke ce mini. Duk sallah sai sun zo sun durƙusa suna gode mini, ni kuwa har yanzu ban iya haɗa ido da su ba.