Wakili da Kifin Bikin Precious

Wakili ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge tayil a wata ma'aikata a Abuja, shi ya sa har yau in ya ga datti jikinsa rawa yake. Da ya yi ritaya sai ya koma garin Uke, ya gina kwarmin siminti a bayan gida, ya zuba 'ya'yan karfasa. Ko taɓa kama kifi bai yi ba, amma ya miƙe a coci ya ce ranar bikin 'yarsa Precious kowa zai ci kifin gidansa har ya ture. Surukai suna zaune, suka tafa.

Ana nan ruwa ya fara yin kore. To, wannan koren shi ne tuwon karfasa: rana ta haifi gansakuka, ƙananan ƙwarin ruwa su ci, karfasa ta haɗa su duka ta lashe. Wakili kuwa ƙazanta ya gani. Duk Asabar sai ya zubar da ruwan, ya shiga da burushi yana dirza kamar Ogansa na Abuja zai zo dubawa. Kifaye suka rame, sai kai da ido.

Da ya gaji da wanki, ya ji a tashar Masaka ana cewa tarwaɗa ba abin da ba ta ci. Ya sayo manya guda uku ya jefa, wai su riƙa share masa datti. Ai kuwa suka share.

Matarsa Angelina ta ce kamar kifin na raguwa. Ya ce kunya suke ji, suna ƙasa.

Ana jibi biki ya gayyato surukai su ga kamu. Aka ja raga. Tarwaɗa uku suka fito, kowace kamar cinyar ɗan dambe, suna motsa gashin baki. Karfasa ko ɗaya.

Uban ango ya leƙa ragar, ya ce, "Baban Precious, waɗannan ne za su ci mu, ko mu ne za mu ci su?"

Da kifin ƙanƙara aka yi biki, Angelina ce ta ciwo bashinsa a Masaka. Wakili ya rantse maƙwabta ne suka yi masa sata. Ya mayar da tarwaɗarsa ruwa, ya ƙaro 'ya'yan karfasa, ya kewaye kwarmin da waya, ya ɗaure kare a bakinsa.