Tiredin da Aka Zuba a Cikin Yashi

Cikin duk abin da na gani a aikin kanikanci, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Alhamis ta tsakiyar damina, lokacin ina mataimakin shugaban gareji a wata ma'aikata a nan Dutse.

Wani direba, Malam Sabo, ya sa aka jawo mana motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti can bayan Taura, tana zubar da ruwa ta gidan tamostat. Ga wanda bai sani ba, tamostat ɗan bawul ne da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi. Gidansa na alminiyam ne, noti biyu ke riƙe murfinsa. To, 'yan'uwanmu kanikawan bakin hanya suna da wata ɗabi'a: mota na yin zafi sai su cire shi su jefar, wai na ƙasar sanyi ne, sannan su ɗaure noti kamar suna fushi da shi. Alminiyam kuwa ba ya son ƙarfi. Haƙoran cikin ramin notin, wato tiredi, duk sun cinye.

A ƙa'ida sai a faɗaɗa ramin, a yanka sabon tiredi, a sa noti mafi kauri. Da na duba sai na tarar an sha yin hakan har naman ƙarfen ya ƙare, kunnen da notin ke shiga ma ya tsage. Motar tsohon yayi ce, an zaga kasuwar Kano ba a samu irin gidan ba. Ga shi kwamitin tantance motoci zai zauna a mako mai zuwa, duk wadda ba ta tashi ba gwanjo za a sa ta.

Shugabanmu ya ce, "Isa, a haƙura da ita."

Malam Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta tafi ba za a ba mu wata ba. Ƙauyukanmu da damina, mai naƙuda a amalanke ake ɗauko ta."

Shugaba ya ce mu gwada duk abin da za mu iya. Malam Sabo ya ce mu je wajen Baba Haladu, mai zuba tukwane a bayan Yalwawa. Na yi dariya, don iyakacinmu da shi mu kai masa matattun kayan inji ya narkar.

Baba Haladu ya jujjuya abin a hannu, ya ce, "Yaro, me yake riƙewa?"

Na ce, "Ruwan zafi, Baba."

Ya ce, "To ai tukunya ce. Kawo mini tsohon fistin inji mu narkar, ban da gwangwani, shi ba ya da ƙashi."

Ya cike tsagin da laka, ya danna tsohon gidan a cikin danshin yashi har siffarsa ta fito, ya zare shi. Sai ya ce in ba shi sababbin noti biyu. Ya kunna fitilar aci-balbal, ya riƙe su a kan hayaƙinta har suka yi baƙi ƙirin, ya kafa su a yashin daidai inda ramukan suke. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Baƙin nan ne zai hana su aure da alminiyam."

Ya kwarara narkakken alminiyam yana bismilla. Da ya huce ya fasa yashin, ya miƙo mini sabon gidan, ya ce in kwance notin. Na sa sifana, notin ya ɗan yi gardama, sai ya fara juyawa. Na leƙa ramin, ga tiredi nan ɗaya bayan ɗaya, kamar daga kamfani. Mu mun saba yanka tiredi a jikin ƙarfe, shi kuwa ƙarfen ya zuba ya zagaye tiredin.

Na goge fuskar gidan da sanfefa, takardar goge ƙarfe, a kan gilashi, na sa sabon tamostat da gasket mai hana yoyo, na ɗaure da lallami. Ranar kwamiti aka bar injin yana aiki har suka gama zagayensu. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya, ƙasa kuma ko ɗigo babu. Malam Sabo ya zauna a bakin taya yana ta hamdala, idonsa ya kawo ruwa.

Abin da na koya ke nan, ku da kuka shigo aikin yanzu. Mu canji muka iya, in babu kaya a kasuwa sai mu ce mota ta mutu. Amma garin nan cike yake da mutanen da suka san yadda ake yin abu daga tushe, muna wuce su kullum ba ma ko tambaya. Da yammacin ranar kwamitin Malam Sabo ya kama hanyar Taura da motarsa, don tun safe aka kira shi ana jiransa.