Gemun Arziki

Ban daɗe da tarewa a wani ƙauye kusa da Kadawa ba gashi ya fara tsiro mini a haɓa. Farkon shekarun tamanin ne, ruwan madatsar Tiga ya wadata gonaki, kowa ya duƙufa noman rani. Gashin baƙi ne, mai kauri, irin na maza. Nakan dangwali toka da yatsu don kada ya suɓuce, in tsige shi a bayan ɗaki.

Ranar da surukata ta kama ni, salati ta saka. "Ke 'yar nan, arziki kike tsigewa? Mace mai gemu ai ba ta talauci!"

Aka yi dace, ko in ce rashin dace, tumatirin maigidana ya yi kyau a shekarar, har motoci daga kudu suna jiran kwandunansa. Shi ke nan na zama abin kallo. Da lokacin yafa iri ya yi, matan maƙwabta suka riƙa shigowa da irin tumatir da na alkama a ƙulle a gefen zane, wai in sa hannu kafin mazansu su kai gona. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba! Ina taɓawa ina dariya, surukata tana ta washe baki.

Abin da ba su sani ba, jinin al'adata sai ya yi watanni bai zo ba. Duk lokacin da ya ɗauke sai in ce ciki ne, in fara lissafin goyo a raina, daga baya ya dawo. Shekaru suka tafi a haka, ba ko ɓari. Ina son haihuwa kamar in yi yaya, kuma kunya ta hana ni faɗa wa kowa sai maigidana.

Shi ya kai ni asibiti a Kano. Wata likita ta dubi haɓata tun kafin in buɗe baki, ta tambaye ni batun al'ada. Bayan gwaje-gwaje ta ce akwai wani sinadari na maza da kowace mace take da shi kaɗan a jiki, nawa ne ya yi yawa. Shi ke fito da gashin, shi kuma ke hana ƙwan haihuwa nuna a kan lokaci. Ta ce akwai magani, amma sai an jure zirga-zirga.

Da muka dawo surukata tana yanka tumatir na shanya a tsakar gida. Tana jin maganar magani ta ɗaure fuska. "Su taɓa mana gemun? Gonar fa?"

Na zauna kusa da ita, na kwashe komai na faɗa mata, har watannin da nake zaton ciki ne. Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Ta ajiye wuƙar.

"Ashe abin da muke ta murna da shi, shi ke sa ki kuka?"

"Shi ne, Inna."

Ta goge ido da gefen mayafi. "Yaushe aka ce ki koma? Ni zan raka ki."