Mai Keke a Hanyar Kasuwar Shanu

Har yau ranar da Maman Kuve ta shigo shagonmu na hoto a Mubi ba ta fita raina ba. Wata Laraba ce da damina, bayan mun dawo daga gudun hijira. Ni ne mai ɗauka na biyu a ƙarƙashin Oga Bappa. Aikinmu fasfo ne da biki, amma ni ina da wata cuta: da safe nakan bi titi ina ɗaukar mutane a baƙi-da-fari. Oga kan ce, "Kai kaɗai ne ke sayen kyamara mai kala ka hana ta aikinta."

Ga yadda nake yi. Nakan bar idon kyamara a buɗe ya ɗan jima. Duk abin da ke tsaye sai ya fito ras, mai tafiya kuwa ya zama kamar hayaƙi.

Fasfo ya kawo matar. Sai ta tsaya cak gaban wani tsohon hoto da na manna a bango, na hanyar kasuwar shanu bayan ruwa. Kwalta na sheƙi, Napep na tsaye, wani mai keke yana ratsawa, kafaɗarsa ta hagu a karkace.

"Ɗana, wannan Baban Kuve ne," in ji ta. "A gudun nan ya rasu. Hotunan mu duka ya ƙone. Yarinya na bai san fuskan baban shi ba. Ka fitar mun da fuskan."

Oga ya ce in gwada a kwamfuta. Na buɗo hoton, na yi ta jawo shi kusa. Ina ƙara jawowa, mutumin na ƙara narkewa. Wallahi tausayi ya kama ni.

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Fuskar ba ta shiga ba tun farko."

Ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsa a kan kafaɗar.

"Bar shi haka, ka wanke mun. Ko a mafarki haka yake zuwa, yana wucewa, ba ya tsayawa."

Na wanke mata babba, ta naɗe shi cikin mayafi saboda yayyafi.

Ku da kuke koyon aikin nan, kada ku yi saurin goge hoto don fuska ba ta fito ba. Wanda ya wuce gabanku a titi, akwai mai gane shi ko daga kafaɗa.