Baba Mai Fulawa da Almakashin Tela

Kafin masu jinya su fito ɗiban ruwa, Baba Mai Fulawa, mai kula da shuke-shuke, ya riga ya zagaye barandar sashen gashin ƙashi na asibiti. Ba ya ba shuka ruwa sai ya tsoma yatsa cikin tukunya. In da danshi, ya wuce. Abin dariya, shukar da ya fi ji da ita ba ta cika fure ba. Wata mai yaɗo ce da Turawa ke kira aibi, ganyenta kore da farin baki. Rana ta yi yawa, farin ya ƙone. Inuwa ta yi yawa, ya ɓace. Shekara da shekaru yana jan tukwane yana nema mata daidai, har ta lulluɓe ƙarafunan barandar.

Ma'aikatan jinya ba su manta da wani tela ba, wanda hawan jini ya shanye masa hannun dama. Ya ƙi motsa hannun, ya ƙi magana, kullum fuska a bango. Maiɗakinsa ta yi lallashi har ta gaji.

Wata safiya Baba ya tsuguna gaban keken marasa lafiya da telan ke kai, da almakashi.

"Malam Tela, idona ya fara yaudarata. Duk reshen da ya fito kore zalla sai an cire shi, in ba haka ba ya danne masu farin. Ka taimaka wa tsoho."

"Baba, da wane hannun?"

"Da wanda ke nan. Ganye ne, ba shaddar mutane ba. In ka ɓata, zai sake tsirowa."

Tela ya murmusa, karo na farko. Almakashin ya faɗi ya fi a ƙirga, Baba yana ɗauka yana miƙa masa, kamar ba shi da wani aiki. Likitar gashin ƙashi ta gani, ta mayar da abin cikin atisayensa. Ranar da aka sallame shi, da hannunsa na dama ya yanki reshe, Baba ya sa masa a kwalbar ruwa ya ce ya jira saiwa. Yau tela ya koma shago. Yanka yana ba shi wuya har yanzu, amma yana yi.

A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye aiki. Kai ne mai haƙurin da ba ya ƙosawa, Baba. Ba ka taɓa riƙe allura ba, amma mutane da yawa sun fara warkewa a barandarka. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa.

Mu kuma, kowa yana da wanda ya juya fuska bango a kusa da shi. Kada mu tsaya a "sannu" kawai. Mu nemi wani ɗan aiki da zai iya, mu ce masa muna bukatarsa, sannan mu zauna mu jira shi.